Baba Kumai da Katanga ta Huɗu

"Amma Baba, lokacin da ka ja igiyar, ba ka ga inda ta bi ba?" na tambaya.

"Na gani mana," in ji Baba Kumai. "Ta miƙe sarai. Ka taɓa ganin igiyata ta karkace?"

"Igiyarsa ba ta karkacewa," in ji matarsa, Mama Catherine, daga wajen ɗakin aladu. Ko juyowa ba ta yi ba. "Tambaye shi ta ina zai shigo gida ran da ya gama."

"Maman Emilia, da maza nake magana."

"To mazan su gaya maka."

Muna zaune ne a kan buloki, a bakin ramin tushen da shi da kansa ya haƙa. Ramin ya taso daga kusurwar katangar Alhaji Sajo, ya miƙe har kusurwar katangar coci, a tsakiya kuma ya yanke 'yar hanyar da ta rage wa gidan Baba Kumai. An gitta katako ana takawa. Gabas da gidan katanga ce, arewa katanga, yamma katanga, dukansu aikin hannunsa. Wannan ita ce ta huɗu, ta Oga Romanus, mai gidan da nake haya a ɗakin bayansa. Ran da ta tashi, gidan Baba Kumai zai koma kamar rijiya, sai dai a shiga ta sama.

A ƙarshen shekarar 1993 ke nan. Amma in ana so a gane yadda magini ya kai ga rufe kansa, sai an koma baya kaɗan.

A nan aka haifi Baba Kumai, lokacin da wannan gefen na Kafanchan, bayan layin dogo, duk gonar acha da dawa ne. Gonar babansa ce. Jirgi ya kawo mutane daga ko'ina, baƙi suka riƙa zuwa neman wurin da za su kafa ɗaki, tsohon kuwa ba ya hana kowa. Yadda yake ba da fili shi ne, ya ɗauki sandarsa ya zaga da mutum, ya ce daga nan zuwa can, a dasa itacen kerana a kusurwoyi don shaidar iyaka, a sha tukunyar burkutu, wanda ba ya sha a yanka masa kaza. Shi ke nan. Inda filin wannan ya ƙare, nan na wancan ya fara. Bai taɓa barin ko taku ɗaya don hanya ba.

Na tambayi Baba Kumai dalili. Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake cin tuwo da hannu.

"Hanya ta me? Tsakar gidan mutum ita ce hanya. Za ka rafi, ka bi ta gidana ka ce sannu, ka bi ta gidan Oga Roma ka ce sannu, a ba ka gyaɗa ka wuce. A wurinmu wanda ya kewaye gida ya bi ta baya, shi ake sa wa ido. Ko dai yana fushi da kai, ko kuma akwai abin da ya ɓoye a riga. Da Baba ya yanka hanya, ai ya gaya wa mutane ke nan ba ya son gaisuwarsu."

Ya ce a ƙuruciyarsa, kafin rana ta yi tsaka, rabin unguwa sun bi ta ƙofar ɗakin uwarsa. Mata da tuluna, ma'aikatan reluwe da fitilunsu, Fulani masu nono. Ba a aiken yaro ya kai labarin haihuwa ko rasuwa. A gaya wa mai wucewa ɗaya kawai.

Gini kuwa a wurin wani ɗan kwangila ya koya, yana lebura, yana ɗaukar kwanon siminti har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Daga baya ya zama birkila. Ya gina azuzuwa a Kwoi, ya gina shaguna a Manchok, har yau in mota ta bi da mu ta gaban wani gini sai ya taɓa ni ya ce, "Dubi kusurwar nan." Sai dai da jiragen suka fara raguwa, siminti kuma ya yi tsada, aiki ya tsaya. Ya koma gyaran kabari da toshe ramin ɓera. Aladun Mama Catherine ne suka riƙe gidan, su ne kuma suka kai 'yarsu Emilia makaranta.

Sai aka yi rikicin addini na 1987. Ba zan shiga labarinsa ba, duk wanda yake garin ya san abin da ya gani. Bayan abin ya lafa, waɗansu suka kwashe kaya suka koma inda nasu suka fi yawa. Waɗanda suka zauna kuma suka fara duban tsakar gidajensu, suna ganin ta yi faɗi da yawa.

"Allah ya sani ban ji daɗin abin da ya faru ba," in ji Baba Kumai. "Na yi kuka kamar kowa. Amma tun daga wannan shekara, ɗana, ban sake toshe ramin ɓera ba."

Alhaji Sajo ne ya fara. Bafulatani ne, babansa yakan kawo shanu su kwana a gonar baban Kumai bayan girbi don taki, shi kuma ya bar kiwo ya zama mai loda shanu a manyan motoci zuwa kudu. 'Yan'uwansa sun matsa masa ya tashi daga unguwar, ya ƙi. Ya ce a nan ya yi wayo. Amma ya kira Baba Kumai ya ce a zagaye masa gida, a jera fasassun kwalabe a sama.

"Ya ce mini, Malam Kumai, kwalbar lemo kawai, ban da ta giya, ka san gidan Alhaji ne. Na ce to, ranka ya daɗe. Na je bayan otal na cika buhu. Kwalba in ta fashe, wa zai san abin da ta sha?"

Katangar ta yi kyau, har mutane suna zuwa kallo. Malam Martins, maƙwabcin arewa, ma'aikaci ne a sakatariya. Shi ba tsoron komai yake yi ba, ba shi ma da abin da za a sata sai rediyo da keken ɗinkin matarsa. Amma tun da katangar Alhaji ta tashi sai gidansa ya zama kamar wanda aka tuɓe wa riga a kasuwa. Ya kira Baba Kumai ya ce yana son irinta, a ɗara ta da layi biyu. Alhaji ya leƙo ya ga an fi shi, ya ce a cire kwalabe a ƙara masa uku. Akwai watan da Baba Kumai yake yi wa Alhaji aiki da safe, ya yi wa Martins da yamma, kowanne yana tambayarsa a asirce inda ɗayan ya kai. Yakan gaya musu gaskiya, don ya lura gaskiyar ta fi kawo aiki.

Ta yamma ta zo ne da wani sabon coci mai ganguna da lasifika, wanda ya sayi filin ƙanen Baba Kumai. Faston ya ce awaki suna shiga ana tsakiyar addu'a. Da wannan katangar ta tashi, hanyar rafi ta mutu. Mata suka koma zagayawa ta bakin kwalta, da suka gaji kuma suka fara sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Shugabannin unguwa suka ce ci gaba ya zo.

Kowace katanga ta tashi, Mama Catherine takan tsaya a tsakar gida ta dube ta, ta ce, "Baban Emilia, saura nawa?" Shi kuma ya ce, "Ke dai da tsoro. Ba ga gidan Oga Roma nan ba?"

Oga Romanus ɗan kudu ne, daga gabas, ya zo Kafanchan yana saurayi. Aikinsa a reluwe shi ne tsare mararraba inda titi ya haye layin dogo: ya busa usur, ya rufe wa motoci hanya, ya ɗaga wa jirgi tuta. Lokacin yaƙin basasa ya gudu gida, da ya dawo ya tarar baban Kumai ya riƙe masa ɗakinsa, har da kujerarsa. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai dara da Baba Kumai a gindin mangwaro, suna zagin juna. Shi yana kiran Baba Kumai Injiniya, Baba Kumai yana kiransa direban jirgin ƙafa.

Ɗansa Franklin yana aiki a Fatakwal. Ya zo hutu da mota, ya zauna a baranda yana shan shayi, sai ga alade ya bi ta gaban kicin ɗin uwarsa a natse, bayansa wata mata da kwando tana cewa sannunku da gida, bayanta wani mai keke. Ya tambaya su waye, aka ce baƙin Baba Kumai ne. Bayan ya koma sai ga mota cike da buloki da siminti, da wani ƙaton kyauren ƙarfe mai zanen zaki biyu, da saƙo cewa a zagaye gidan kaf, kada a bar ko ramin kaza.

"Yaro ya aiko," in ji Oga Romanus. "Zan ce masa a'a? Mutane za su ce ɗan Romanus ya yi kuɗi, babansa yana zama a fili kamar tasha."

Matarsa, Madam Dorathy, ta kawo shawarar a ɗauko magini daga wani wuri, don kada a sa Baba Kumai a tsaka mai wuya. Labarin ya kai kunnensa. Ban taɓa ganin ya yi fushi irin na ranar ba. Ya zo har baranda bai ko ce sannu ba, ya ce a unguwar nan babu katangar da ba tasa ba, yanzu kuma a ƙofar gidansa za a kawo wani yaro ya yi masa karkataccen abu ya riƙa gani kullum safiya? Aka ba shi haƙuri, aka ba shi aikin. Ya nemo kututturen keranar da babansa ya dasa, ya kafa turaku a kansu daidai, ya ja igiya. Sai da ya gama haƙa tushe, ya ɗago ya nufi gida cin abinci, ya ga ba hanya sai ya tsallake ramin.

Washegarin hirarmu ta bakin ramin ya sa rigar coci ya fara zaga maƙwabta, ya ce in raka shi.

Alhaji Sajo ya karɓe mu da fura da nono, ya shimfiɗa darduma, ya yi ta tuna yadda iyayensu suka zauna. Da aka zo maganar, ya shafa gemu.

"Malam Kumai, kai in za ka wuce, ko ta ɗakin kwanana ne ka wuce. Gidanka ne. Amma ɗakunan iyali suna jingine da wannan bangon. Sannan kuma, su fa?"

"Su wa?"

"Mutanen Maman Emilia. Masu zuwa kasuwa ran Alhamis." Ya yi murmushi, don ba ya son kiran sunan alade. "Ka koma kiwon awaki mana, in ba ka iri. Ko da yake ku manoma, a ba ku akuya yau, gobe ta zama romo."

"Ku kuma a ba ku fartanya ku tambaya ta ina ake tatsarta."

Suka yi dariya har da tafawa. Muka fito ba hanya.

Malam Martins ya nuna mana abin da Baba Kumai ya riga ya sani: ya jera ɗakunan haya a jikin katangar tasa, ita ce bangon bayansu, kuma Baba Kumai ne ya gina su. Ya ce in an fasa, sai dai a bi ta kan gadon wani malamin makaranta.

Fasto ya fi kowa fara'a. Ya ce za a kai maganar gaban kwamiti, kwamiti zai yi azumi a kanta. Sannan ya rage murya ya ce, da a ce Baba ɗan ikilisiyarsu ne, da abin ya zo da sauƙi, don ba a rufe wa ɗan gida ƙofa. Baba Kumai dattijo ne a cocinsu na da, Mama Catherine kuma tana gaba-gaba a zumuntar mata.

"Fasto," ya ce, "hanyar sama ina da ita tun kafin a haife ka. Ta zuwa bakin titi nake nema."

Mai unguwa ya kira taro. Duk wanda ya tashi magana ya ce abin kunya ne a ce ɗan mai ƙasa ba shi da hanyar shiga gidansa. Alhaji ya ce lallai a fitar da hanya, kuma ta wajen coci ta fi kusa da kwalta. Fasto ya ce amin, amma ta wajen Martins ƙasa ta fi tauri. Martins ya ce shi ma'aikaci ne, a bi doka, ya kuma zo da wani abokinsa mai aikin tsara gari. Mutumin ya hau kan buloki ya duba gabas da yamma, ya ce ai ba matsala, a tsarinsu akwai babban titi a nan, mai faɗin mota biyu. Aka yi ta murna, aka ce ina? Ya nuna ɗakin Baba Kumai, da ɗakin aladu, da kabarin baban Baba Kumai a gindin ɗorawa. Ya ce in ana so, gobe ma sai ya zo da jan fenti ya sa wa abin da za a rushe alama. Aka yi maza aka kawo masa faten acha da nama, aka raka shi har bakin titi, ana roƙonsa kada ya wahalar da kansa.

Da mutane suka watse, Martins ya matso ya ce shi fa don taimako, zai iya sayen gidan ya ƙara ɗakuna, Baba ya koma bayan gari inda fili yake da yawa. Baba Kumai ya nuna masa kabarin da baki.

"Shi ma ka saya? Ni ba inda za ni. Ko akwatina ba ya bukatar hanyar fita, nan kusa da shi za a sa ni."

"Masu zuwa jana'izar fa?" in ji Mama Catherine. "Kowa ya zo da tsaninsa?"

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk wannan zirga-zirgar da ake yi, ginin bai tsaya ba. Da sassafe zai kwaɓa siminti, ya ɗora layi ta gefen Alhaji, ya ɗora ta gefen coci, katangar tana matsowa tsakiya daga hannu biyu. Da yamma ya wanke hannu ya tafi neman wanda zai cece shi daga ita. Na ce masa, "Baba, ka ɗan ja aikin mana, har a sami mafita." Ya ce siminti ba ya jira. Na ce to ya rage kwaɓawa. Sai ya ce, "Hannuna bai iya ba. In na ga buloki a ƙasa, sai in ji kamar yana kallona."

Ranar da ratar ta rage daidai faɗin kafaɗun mutum, na dawo daga aiki na tarar da su a wurin. Baba Kumai yana tsaye a cikin ratar, ƙafa ɗaya a gidansa, ɗaya a gidan Oga Romanus, da cokalin gini a hannu. Oga Romanus yana kan kujera da zane a ƙugu.

"Injiniya, ka zaɓa. Za ka tsaya ciki ka rufe, ko za ka tsaya waje ka rufe?"

"Wasa kake yi da ni, Oga Roma."

"Ni ba wasa. Yaro ya ce ko ramin kaza. In ya zo Ista ya ga rami, zai ce babansa ya sayar da buloki ya sha giya."

"Babana ya riƙe maka ɗaki shekara nawa?"

"Na sani. Kullum ina faɗa. Amma babanka bai aiko da siminti ba."

Ya faɗe ta da dariya, amma bai iya duban Baba Kumai ba. Shi ma Baba Kumai ya sunkuyar da kai yana kankare cokalinsa da ɗan dutse. Na ga alamar cewa da za a ce masa rufe, zai rufe, kuma zai yi shi da kyau.

Madam Dorathy ta fito daga kicin da ludayi. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ta tsayawa gyara.

"Ku biyu kun tsufa, hankali bai tsufa ba. Franklin yana Fatakwal. In na faɗi a bayan gida, Franklin zai zo ya ɗaga ni? Catherine ne zai ɗaga ni. Ranar da ciwon Papa ya tashi, wa ya goya shi zuwa titi? Zaki na ƙofa?" Ta nuna ratar da ludayin. "Sa ƙofa a nan. Ƙarami. In yaro ya zo, ni na haife shi."

Oga Romanus ya gyara zama. Ya ce shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan, aka riga shi. Amma fa, in za a yi ƙofa, sai an yi ta bisa tsari, don shi bai yi aikin gwamnati don ya zo ya riƙe gida kamar kasuwa ba. Ƙaramar ƙofa da babban kyaure duka za su zauna a kulle, makulli a hannunsa. Mai shiga da mai fita ya ƙwanƙwasa. Aladu ran Alhamis kawai, da safe, a jere.

Haka aka yi. Cikin mako guda Oga Romanus ya buɗe tsohuwar akwatinsa ya fito da usur da tutocinsa, ja da kore, har da hular aiki. Ciwon ƙafar da yake kuka da shi ya tafi. Baba Kumai zai ƙwanƙwasa daga ciki, sai a ji usur, a buɗe ƙaramar ƙofa, a rufe, a taka da shi tsakar gida, a leƙa titi dama da hagu ko da abin da ke zuwa, sannan a buɗe mai zaki a ɗaga kore. In Oga Romanus yana wanka, sai a jira. In ya yi barcin rana, sai Madam ta lalubo makullin a ƙugunsa. Baƙin Baba Kumai suka ragu, don ba kowa ke son a yi masa tambayoyi a ƙofa biyu kafin ya ce sannu ba. Mai nonon da ta saba kawo wa Mama Catherine ta koma tsayawa a titi tana kira.

Franklin ya zo Ista, ya iso ran Laraba. Ya zaga katangar yana buga ta da hannu, ya yaba, bai lura da ƙaramar ƙofar ba saboda Madam ta shanya zannuwa a kanta. Da safe ya fito baranda da shayinsa. Sai usur. Sai ga aladu uku a jere, Mama Catherine a baya da tsumagiya, babansa a gaba da hula da koriyar tuta, suka bi ta gefen motarsa suka fice ta tsakanin zakunan nan biyu. Ya ajiye kofin ya yi magana mai tsawo da yarensu. Uwarsa ta amsa masa da wadda ta fi ta tsawo. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ƙofar tana nan.

Sai dai kafin ya tafi ya bar wata magana: ya fara yi wa iyayensa gini a ƙauyensu, in an gama su koma gida su huta, a sayar da na nan. Wanda zai saya kuwa, ba wanda ya san ko waye, kuma ba a gaban idonsa aka dasa kerana ba.

Tun daga ranar Baba Kumai bai sake cin Oga Romanus a dara ba. Mutumin da a da yake cinye shi har ya tashi yana rawa, yanzu sai ya riƙa kai 'ya'yan dararsa inda za a kwashe, yana cewa, "Kai, Oga Roma, hannunka ya yi zafi bana." In Oga Romanus ya yi tari sau ɗaya, kafin ya yi na biyu an kawo masa citta da zuma. Duk labarin haɗarin mota da aka yi a hanyar gabas, Baba Kumai ne zai fara kawo shi, da ƙari. A coci, in aka ce akwai mai roƙon addu'a, yakan tashi ya ce a tuna da maƙwabcinsa, Ubangiji ya ba shi tsawon rai da ƙaunar Kafanchan.

Oga Romanus ya gane, kuma bai ɓata damar ba. In yana marmarin nama, sai ya zauna a baranda ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Gida yana kirana." Kafin yamma kwano ya ƙetaro. Mama Catherine ta ce ita yanzu maza biyu take ciyarwa, ɗaya ya gina kurkuku, ɗaya yana gadi.

Wata safiya da damina ta kusa, na fito zan tafi aiki na tarar da Baba Kumai a tsakar gidanmu da kwanon gini a ka, yana jira Oga Romanus ya gama aski ya buɗe babban kyaure. Na gaishe shi, na ce yau ina aka nufa?

"Sabuwar unguwa, hanyar Kagoro. Wani mutum ne daga Kaduna ya sayi fili."

"Gida zai gina?"

"Gida sai nan gaba, in Allah ya hore. Katanga dai tukuna. Yanzu haka ake yi, ɗana, a fara da abin da ya fi muhimmanci."

"Ba kowa a bayan filin?"

"Akwai wata tsohuwa da 'yar bukkarta da gonar rogo."

"Ta ina take bi?"

Ya ɗan yi tunani, ya gyara kwanon a kansa.

"Ta cikin filin."

"To, Baba?"

"To sai ta fara koyon dara."

Oga Romanus ya fito da kumfa a gefen kunne, ya leƙa titi dama da hagu, ya busa usur. Baba Kumai ya ce masa ya kula da sanyin safiya kada ya kama shi, ya fita, ya tsallake kwata, ya miƙe wajen masu babur.